Aikin da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda aka kai shi ganin sabon gida irin na zamanin nan, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, zai lura ba inda mai gida ya fi so a tsaya a yaba kamar ɗakin girki, wanda yanzu ake ce wa kicin. A nan ne ake kafa kabad a jikin bango, jeri ɗaya a sama, jeri ɗaya a ƙasa, an haɗe su da ginin har ba su ɗaukuwa. Ƙyamarensu sumul suna ƙyalli, mariƙansu kamar azurfa, wurin tukwane dabam, wurin kwanoni dabam, wurin hatsi da kayan miya dabam. Baƙo ya duba ya ce tubarkalla, uwargida ta ji daɗi, mai gida kuwa ya ga kuɗinsa sun yi rana.

To, a bari gidan ya sha damina biyu ko uku, sa'an nan a koma a sake dubawa. Sau da yawa za a tarar ƙyaure ɗaya ya sunkuyo ba ya rufuwa, wani ya fita an jingine shi a bayan ƙofa. Durowa ta ƙi jawuwa. Ƙasan wurin wanke-wanke ya kumbura kamar gurasar da ta kwana a ruwa, fatar da aka manna a kansa ta ɗaye, kyankyasai sun sami gida. Alhali kuwa a wannan gida ɗin, in an shiga ɗakin tsohuwa, ana iya tarad da akwatin katakon da aka kai ta gidan miji da shi yau shekara 50, murfinsa yana rufuwa ruf, ba abin da ya same shi sai dushewar fenti.

Wannan shi ya sa mutane ke ta cewa aiki ya lalace, gwanaye sun ƙare. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa a tsaya a kanta ba, gama ba ta faɗi abin da ya lalace ba. Hannun masu sana'a ne ya mutu, ko kayan aiki ne suka ɓaci, ko kuwa wani abu ne da ke cikin zuciya? In kuma akwai laifi, a wuyan wa yake? Tambayar ta cancanci a zauna a kanta, domin kabad ƙaramin abu ne, amma halin da ke lalata shi shi ne ke rushe bene.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san asalin abin. Kabad na jikin bango ba tsohon abu ba ne, ko a ƙasashen Turawa. Da can su ma teburi ne da kanta da akwatuna, kowanne yana zaman kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka yi ƙarancin gidaje a Jamus, sai hukumar birnin Firankfut ta shiga gina wa ma'aikata gidaje masu yawa, ƙanana, masu sauƙin haya. A 1926 aka ɗora wa wata mace 'yar ƙasar Ostiriya, gwanar zanen gini, mai suna Margarete Schütte-Lihotzky, aikin tsara ɗakin girkin gidajen nan. Sai ta bi diddigin aikin mai girki, taku nawa take yi daga murhu zuwa famfo, ina take sunkuyawa, ina take miƙa hannu. Da wannan ta fitar da ɗaki mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, kome yana inda hannu zai kai. An yi irinsa wajen 10,000.

Abin lura a nan shi ne, ɗakunan nan don talakawa aka yi su, kuma da yawa aka yi su, amma duk da haka ba a yi musu aikin ganin dama ba. Mazubin gari an yi shi da wani itace da ƙwarin gari ba sa so. Allon da ake yanka a kai an zaɓo masa itace mai tauri wanda ke jimre wa wuƙa. Yau kusan shekara 100 ke nan, waɗansu daga cikinsu suna nan an ajiye su a gidajen kayan tarihi na Landan da Niyok, mutane suna zuwa kallo. Ashe yawan aiki da arahar aiki ba su ne ke hana shi kyau ba.

Daga baya kayan aikin suka sake. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, katako ya yi wuya a Jamus, sai aka kafa masana'anta a birnin Biremen mai tattara ɓarɓashin katako, a cuɗa shi da gam, a danne da inji mai zafi, ya fito allo shimfiɗaɗɗe. A shekarun 1960 kuma aka fito da wani irinsa a Amurka, wanda ake niƙa itacen ya yi laushi kamar auduga kafin a danne, shi ne kafintoci ke kira MDF. Waɗannan alluna ake rufe wa fuska da wata takarda mai tauri ko leda mai zanen katako, har mai kallo ya ɗauka maɗaci ne. Galibin kabad da ake kafawa a sababbin gidaje yau da su ake yi.

Ba adalci ba ne a zagi allon nan gaba ɗaya. Yana da amfani. Abin da da ake zubarwa ko a ƙone shi ya zama kaya, manyan itatuwa kuwa ƙara ƙarewa suke yi. Shi allon miƙaƙƙe ne, ba ya murɗewa kamar ɗanyen katakon da aka kawo daga kudu, wanda da hunturu ya buge shi sai ya tsuke ya tsage. Ya kuma sa mai ƙaramin ƙarfi ya sami wurin ajiya mai tsabta. Amma yana da rauni iri biyu, kuma ba kafintan da bai san su ba. Na ɗaya, ba ya shiri da ruwa. In ruwa ya sami kafa ya shige shi sai ya kumbura, ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Na biyu, ba ya riƙe ƙusa kamar katakon gaske, musamman a gefensa. In an cire an mayar sau biyu sai ramin ya rarake.

Saboda haka kafinta mai tsoron Allah ya san abin da zai yi. Zai rufe kowane gefe da aka yanka, har wanda ke fuskantar bango. Zai ɗaga kabad a kan ƙafafu don kada ruwan wanke daɓe ya taɓa shi. A ƙarƙashin famfo zai sa katakon gaske, ko allon da aka yi don jimre wa danshi. Zai yi aiki da mai kaurin milimita 18, ya sa hinji mai ƙwari, ya kuma jira yaɓen bango ya bushe kafin ya jingina masa kome. Wanda ba ya tsoron Allah kuwa zai sa mai kaurin milimita 12, ya bar gefunan ɓoye tsirara, ya zaunar da allo a kan daɓe, ya sa hinjin da zai yi tsatsa kafin shekara. Ran da za a miƙa makulli, in an tsaya daga bakin ƙofa, aikin mutanen nan biyu ba shi da bambanci ko kaɗan. Bambancin duk yana baya da ƙasa da ciki, inda ido ba ya kai. Nan ne gindin maganar.

Akwai kuma wani adalcin da ya kamata a yi wa mutanen yanzu. Akwatin tsohuwa da ake misali da shi, shi ne wanda ya tsira. 'Yan'uwansa da aka yi da aikin banza gara ta cinye su tun tuni, ko an yi makamashi da su, ba wanda ke tunawa. Mai duban kayan da, zaɓaɓɓu yake gani, mai duban kayan yau kuwa yana ganin tsaba da tsakuwa a haɗe, zamani bai riga ya sheƙe su ba. Ha'inci ba yau aka fara shi ba. Da ba a yinsa a da, da Alƙur'ani mai girma bai saukar da sura guda a kan masu tauye mudu ba. Gwanaye kuma ba su ƙare ba. Akwai samari a kasuwannin katako waɗanda, da injin da ke hannunsu, suna iya yanka allo daidai wa daida fiye da yadda kakanninsu suka iya da zarto. Iyawa tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dalilin da zai sa mutum ya gyara wurin da ba mai dubawa.

Malamai suna ba da labarin wata rana da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi a kasuwa. Ya sa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa, alhali sama busasshe ne. Mai hatsi ya kawo uzurin ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya nuna masa cewa kamata ya yi ya sa jiƙaƙƙen a sama don masu saye su gani, ya kuma yi kashedi mai tsanani a kan algus. A duba da kyau, ba a hana mutumin nan sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba. Ɓoyewar aka hana. Haka yake ga kabad. Allon ɓarɓashi halal ne a yi aiki da shi, halal ne a sayar. Abin da ya haramta shi ne a lulluɓe shi a karɓi kuɗin maɗaci, ko a sa shi inda aka san ruwa zai cinye shi, a yi shiru.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga misalin cinikin da ake yi kullum. Mai gida ya kira kafinta ya nuna masa hoto a waya, ya ce, "Malam, irin wannan nake so, nawa za ka yi mini?" Kafinta ya auna ya faɗi kuɗi. Mai gida ya ce, "Haba Malam, wani ya ce zai yi a rabin haka. Kuma ran Juma'a za a kawo amarya." Kafinta ya san rabin kuɗin nan ba zai sayi kayan kirki ba, ya san kwana biyar ba su isa ba. Da zai ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, a wannan kuɗi ga abin da za ka samu, shekara biyu zai yi maka," da ya fita haƙƙi. Amma yana tsoron aikin ya kuɓuce masa, ga iyali a gida. Sai ya ce, "Ba kome, Alhaji, Allah ya sa albarka." Daga nan ciniki ya faɗa, kowannensu yana zaton ya ci riba. Mai gida ya sayi hoto, kafinta kuwa hoto ya sayar masa. Araha ba ta ado, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai na uku, wanda sau da yawa laifinsa ya fi na biyun nan, watau wanda ke gina gidaje don sayarwa, ko ɗan kwangilar da aka danƙa wa aiki ya raba wa na ƙasa da shi. Shi ba zai kwana a gidan ba, matarsa ba za ta yi girki a ciki ba. Bukatarsa gidan ya yi kyau ran da mai saye zai zo gani. Abin da ya rage daga kaurin allo a gida ɗaya kaɗan ne, amma a gida 200 dukiya ce. Kafintan da ke ƙarƙashinsa kuwa bai san wanda zai zauna a gidan ba, shi ma mai zama bai san sunan kafinta ba. In ƙyaure ya faɗi ba a san ƙofar da za a buga ba.

Wannan rabuwa tsakanin mai yi da mai amfani ita ce babban abin da ya sake. A biranen ƙasar Hausa, da, gini sana'ar gado ce. Magini a cikin gari yake zaune, an san gidansu, an san ubansa, bisa kansa kuma akwai Sarkin Magina. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali shekara da shekaru kafin a bar shi ya ɗaura azara. In soro ya yi yoyo da damina, mai gida zai haɗu da maginin a masallaci da asuba. Kowace shekara kuma shi za a kira yaɓe, ya ga aikinsa na bara da idonsa. Cikin irin wannan tsari aka sami Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara kaɗai, bakan gizonsa na ciki masana gini sun daɗe suna zuwa kallo. Ba a ce duk maginan da waliyyai ba ne. Amma kunya tana tsaron wanda tsoron Allah bai tsare ba.

Sabuwar hanyar gina gidaje birjik tun ba a san masu shiga ba, a Amurka ta yi ƙarfi. Tsakanin 1947 da 1951 aka gina gidaje fiye da 17,000 a wani wuri kusa da Niyok da ake kira Levittown. An rarraba aikin kashi kashi, kowace ƙungiyar ma'aikata abu ɗaya take yi, ta gama a wannan gida ta wuce na gaba. Duk da saurin nan galibin gidajen suna nan tsaye, domin hukumar da ke tsaya wa masu saye wajen cin bashi tana da ƙa'idodin da sai an cika su. Watau inda kunyar unguwa ta kau, sai doka da masu duba aiki suka tsaya a madadinta. Masifa tana aukuwa ne a inda kunya ta tafi, doka kuwa ba ta iso ba, ko ta iso amma ana rufe mata ido da cin hanci. A irin wannan wuri ba abin da ya rage tsakanin mai gida da hasara sai zuciyar ma'aikaci.

Kada wani ya ce wannan duk surutu ne a kan akwatin kwanoni. Hannun da ya saba rage kaurin allo shi ne zai rage siminti a bulo, ya fitar da bulo fiye da kima daga buhu ɗaya. Shi ne zai rage rodi a ginshiƙi, shi ne zai ƙi jiran kankare ya yi ƙwari, alhali magina sun san sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Duk waɗannan ma ɓoyayyu ne, yaɓe da fenti sun rufe su. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, cikin Legas, ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu ma'aikata ne masu neman abincin yini. Waɗanda aka sa su binciki lamarin sun ɗora shi a kan sakaci da ƙin bin ƙa'idar gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa daga ƙaramin abu take farawa, ran da mutum ya fara ce wa kansa ai ba mai gani.

To, ina mafita? Mai sana'a ba a ce lalle sai ya yi wa kowa aikin sarakuna ba. Talaka yana da haƙƙin ya sami abin da ƙarfinsa ya kai. Abin da ke wuyan mai sana'a shi ne ya sa jiƙaƙƙen hatsi a sama. Ya ce ga na tsada, ga na tsaka-tsaki, ga na araha, ga kuma kwanan kowanne. In mai gida ya zaɓi na araha da saninsa, ciniki ya halatta. Ko a cikin na arahar ma akwai abin da ba kuɗi ke sayensa ba, kamar daidaita awo, da rufe gefe, da ɗaure ƙusa har ta zauna. Waɗannan ba su cin kome sai 'yan mintoci da kula. Mai yiwuwa ne gaskiyar nan ta sa aiki ɗaya ko biyu su wuce shi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, uwargidan da kabad ɗinta ya shekara 10 bai motsa ba kuwa ita ce za ta faɗa wa maƙwabta sunan wanda ya yi.

Mai gida shi ma da nasa. In zai karɓi aiki, kada ya tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya buɗe ƙarƙashin famfo, ya zaro durowa ya juya ta, ya shafa gefen allo na baya. Ya tambayi sunan kayan da kaurinsu tun kafin a fara, a rubuta a takarda, gama wannan yana cikin amfanin karatu da rubutu. Ya ba da lokaci, sauri kan haifi nawa. In kuma ya sami mai gaskiya, ya biya shi haƙƙinsa cikakke ba jinkiri, yadda addini ya yi umurni. Jama'ar da ke matse mai gaskiya har ya rasa abin kai wa gida, sa'an nan ta ba maha'inci aiki don ya fi araha, ita ce ke koya wa 'ya'yanta ha'inci, ba ta kuwa da bakin kuka ran da ƙyaure ya faɗo.

Masu koyar da yara sana'a su ne da babban rabo a gyaran nan. Yaro ba ya koyon amana daga wa'azin maigidansa, daga hannunsa yake koyo. In ya ga maigida ya goge bayan allo kamar yadda ya goge gabansa, ya kuma sa shi kwance aikin da ya karkace ko da mai shi ba zai gane ba, to, ya sami abin da ya fi zarto da guduma. In kuwa ya ji maigida yana cewa a bar shi haka nan ai bango zai rufe, shi ke nan, an ba shi gadon da zai kai har kan bene.

Aiki shaida ne a kan mai shi. Gaban kabad yana nuna abin da mutum ya iya, bayansa kuwa yana nuna ko shi wane ne. Mai gida yana iya shekara 20 bai leƙa can ba, amma ruwa zai leƙa, gara za ta leƙa, Wanda ba ya barci kuwa ya riga ya gani tun ran da aka buga ƙusar. Allah ya sa masu sana'a su tsare amanar da ke hannunsu, masu ba da aiki kuma su san darajar mai gaskiya, amin.